Ɗan Sanda Abokin Kowa, Har Da Baƙo?

Daga Wakilinmu a Fatakwal

Duk wanda ya taɓa shigowa Fatakwal da mota ta hanyar Owerri ko ta Anaca, da wuya a ce bai ratsa Rumuokoro ba. Babbar mahaɗa ce a Ƙaramar Hukumar Obio/Akpor, inda Titin Ikwerre da ya fito daga cikin gari ya gamu da babbar hanyar nan ta Gabas da Yamma, ga kuma hanyar da ta nufi filin jirgin sama na Omagwa. Tun da aka ɗora mata gadar sama a zamanin Gwamna Nyesom Wike motoci suka ɗan sami sararin wucewa, amma a ƙasa cinkoson jama'a yana nan yadda aka san shi. A cikin wannan cinkoso kuwa akwai 'yan'uwanmu da yawa masu neman na kansu: mahauta da masu tsire, masu shayi, 'yan gwari da albasarsu da tumatirinsu, masu gyaran takalmi, masu tura baro, 'yan keke, 'yan gwangwan, da masu gadin gidaje da kantuna.

To, mai karatu, ka tsai da duk wanda ka ga dama daga cikinsu ka yi masa tambaya biyu. Ta farko, in aka fasa maka shago a daren yau, ina za ka fara zuwa da safe? Zai ce maka wurin Sarkin Hausawa, ko shugaban ƙungiyarsu, ko liman. Wani ma zai ce ba inda za shi, ya bar wa Allah. Da wuya ka ji wanda ya ce caji ofis. Ta biyu, in rikici ya ɓarke a gari aka fara farautar baƙi, ina za ka gudu? Ba zai tsaya tunani ba, zai ce barikin 'yan sanda, ko kuwa Barikin Bori na soja da ke nan kusa a kan Titin Ikwerre. Haka aka yi a Anaca cikin watan Fabrairu na ​​2006, lokacin da aka yi ramuwar gayya kan rikicin Maiduguri: waɗanda suka tsira daga cikin mutanenmu, bariki suka shiga, wasu kuma suka ƙetare gada zuwa Asaba.

Watau mutumin da muke kauce wa kullum ta Allah, shi ne kuma wanda muke rugawa wurinsa ranar da ta ɓaci. A ganina wannan zama ba zai fisshe mu ba. Ɗan gari yana iya yin fushi da ɗan sanda, don yana da dangi, yana da sarkin ƙauyensu, yana da samarin unguwa, yana da kansila da ɗan majalisa. Baƙo kuwa ba shi da madadin ɗan sanda, komai lalacewar aikin. Saboda haka gyaran wannan hulɗa ya fi zama dole a kanmu bisa ga kowa.

INDA AMANA TAKE ZUBEWA

Mutane sukan ɗauka manyan abubuwa ne suka raba jama'a da 'yan sanda, irin su harbi da kisa. Lalle suna ciki. Amma mafi yawan mutanenmu ba su taɓa ganin an harbi kowa ba. Abin da suka gani ƙananan abubuwa ne na yau da gobe, waɗanda suka taru suka zama tudu.

Ɗauki mutumin da aka sace wa keken ɗinki ko buhun albasa. Ya tafi kai ƙara, a ce ya kawo kuɗin takarda. A ce babu mai a mota, in yana son a je a duba wurin sai ya zuba. In an yi sa'a an kama wanda ake zargi, ciyar da shi ma yakan koma kan mai ƙara. Kafin mako ya zagayo abin da ya kashe ya kusa kuɗin abin da aka sace, ga kwanakin kasuwa da ya yi asara. Wannan mutum ba ya bukatar wani ya zuga shi, lissafi kurum zai yi, ya ga haƙuri ya fi araha. Daɗin daɗawa akwai tsoron da ya fi wannan, watau ka shiga kana mai ƙara, a juya magana ka kwana a bayan kanta. Mai gadi ya fi kowa sanin wannan. In ɓarayi suka shigo gidan da yake tsaro suka ɗaure shi tamau, da gari ya waye shi ne na farko da za a tafi da shi.

Sai maganar beli. Kusan kowane caji ofis ka shiga za ka ga an rubuta a bango da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Ban san wata magana da jama'a suke yi wa dariya kamar wannan ba. Sai kuma kamen kan mai uwa da wabi, inda in an yi fashi ko kisa a unguwa, a zo da dare a kwashe duk wanda aka tarar yana kwance a rumfa ko a gindin gada. Wa ke kwana a rumfa? Ɗan ci-rani ne, wanda bai ga dalilin kama ɗaki ba tunda damina na faɗuwa zai koma gona. Da safe sai a shiga ciniki, kowa da kuɗin kansa.

Na hanya kuwa direbobin tirela da fataken shanu su za su ba da labari. Daga Kano ko Mubi zuwa Fatakwal, ko ka biyo ta Lakwaja da Okene da Asaba, ko ka biyo ta Makurɗi da Obollo-Afor da Inugu, shinge ne bayan shinge. Ba duka ne na 'yan sanda ba, gaskiya ɗaya ce, akwai na masu karɓar haraji da na 'yan ƙungiya da na zauna-gari-banza. Amma direba ba ya rarrabewa, abin da ya sani shi ne ya ware kuɗin hanya tun daga gida, kuma a kan farashin kaya za a fanshe. Sufeto Janar M. D. Abubakar ya ba da umurnin a kawar da shingaye a 2012, Ibrahim Idris ya sake bayarwa a 2017, amma da ƙura ta lafa sai su dawo. Yawan tatsar da ake yi a hanya yana cikin koke-koken da suka sa haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta tsai da kai kaya Kudu a ƙarshen watan Fabrairu na 2021, har tumatir ya gagari masu miya a Ikko.

Kada a ce ƙorafin 'yan tasha ne kawai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka sun fitar da rahoto a 2017, wanda ya nuna kashi 46 cikin 100 na mutanen da suka yi hulɗa da ɗan sanda sai da suka ba da toshiyar baki. A rahoton 2019 abin ya sauko zuwa kashi 33, watau dai mutum 1 cikin 3. A binciken jin ra'ayi na Afrobarometer na 2022, kashi 15 cikin 100 ne kacal na 'yan Nijeriya suka ce sun amince da 'yan sanda. Tun a 2010 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana yadda abin da kurtu ya karɓa a titi yake hawa sama, kowane mai muƙami da nasa kason. Wannan shi ya sa korar kurtu ɗaya ko biyu da aka ɗauka a hoton waya ba ta kashe cutar.

BA MU KAƊAI BA NE

Akwai kuskuren da nake yawan ji a majalisunmu, cewa wai don mu 'yan Arewa ne ake yi mana haka. Ba na musun cewa akwai ɗan sandan da yake ganin doguwar riga da hula sai ya ga abinci. Amma a tuna da abin da ya faru a nan Fatakwal cikin watan Disamba na 2019. Wani rukunin 'yan sanda da ake kira Eagle Crack ya kama makanikai 5 na kasuwar kayan mota ta Ikoku, aka ɗora musu laifin fashi, aka gana musu azaba, har ɗaya ya mutu a hannu. Sauran 4 sai a watan Janairu na 2020 aka sake su, bayan an duba an ga babu wata hujja a kansu. Waɗannan ba Hausawa ba ne. Haka nan mutum 6 da 'yan sanda suka kashe a Apo ta Abuja cikin watan Yuni na 2005, 'yan Kudu ne, akasarinsu 'yan kasuwa Ibo, kuma sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa. Mutanen Anaca kuwa ba sai an gaya musu abin da sunan Awkuzu yake nufi ba a zamanin SARS.

Abin lura a maganar Ikoku shi ne yadda gaskiya ta fito. Ba don tausayin kowa ba ne. 'Yan kasuwar ne suka tsaya tsayin daka, suka nemi lauyoyi, suka kira 'yan jarida, suka ƙi yin shiru har sai da hukuma ta kori waɗanda suka aikata aka gurfanar da su. Da a ce mai tura baro ne daga Jigawa, wanda ko cikakken sunansa abokan kwanansa ba su sani ba, wa zai bi kadinsa? A nan ne bambancinmu da 'yan gari yake. Sanda ɗaya ce ake dukan kowa da ita, sai dai baƙo ba shi da mai tare masa. Ba shi da adireshi, ba shi da mai tsaya masa wanda yake da gida ko takardar aiki, sau da yawa ko Turancin Buroka bai iya ba, balle ya karanta abin da aka rubuta aka ce ya dangwala hannu.

Wannan hali ya samo asali tun zamanin Turawa, kuma akwai abin mamaki a ciki. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a Ikko a 1863 da Hausawa ya kafa ta, kuma a 1879 aka yi wata mai mutum 1,200 da ake kira da sunan Hausawa. Dabarar Bature ita ce ya sa baƙo ya tsare ɗan gari, don kada sanayya ta hana shi duka. Ba a kafa ɗan sanda don ya nemo wa talaka akuyarsa ba, an kafa shi ne don karɓar haraji da murƙushe masu gardama. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama ta Nijeriya, amma tarbiyyar ba ta sake ba. Mutanen Inugu har gobe suna tuna ranar 18 ga Nuwamba 1949, da 'yan sanda suka harbe ma'aikatan kwal 21 a Iva Valley saboda yajin aiki. Mun karɓi mulkin kai, mun sake tufafin, mun sake shugabannin, amma ba mu zauna mun sake manufar aikin ba.

SHI MA ƊAN WANI NE

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa duk ɗan sanda azzalumi ne ba. Wanda yake faɗin haka bai taɓa leƙa bariki ya ga ɗakin da kofur yake zaune da iyalinsa ba. Ba banza ba ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki a watan Fabrairu na 2002, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Kuma mu da muke zaune a wannan yanki mun ga yadda ake kashe su kamar kiyashi. A daren 7 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka bi ta gadar Choba da Rumuji da Elimgbu, suka kashe 'yan sanda 7, duk a kewayen nan namu. A watan Satumba na 2023 'yan ƙungiyar asiri suka yi wa DPO na Ahoada, Bako Angbashim, kwanton ɓauna suka yi masa kisan wulaƙanci. Mutumin nan daga Arewa ya fito kamar mu, aiki ne ya kawo shi Jihar Ribas, kuma a bakin aikin ya mutu.

Mun kuma ɗanɗani zaman da babu ɗan sanda. Bayan da Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rushe SARS ran 11 ga Oktoba 2020, zanga-zanga ta ci gaba, daga baya ɓata-gari suka karɓe ta. A Oyigbo aka ƙone ofisoshin 'yan sanda aka kashe jami'an tsaro. Su wa suka fara kwana da ido biyu? 'Yan'uwanmu na can, waɗanda wasunsu suka yi asarar dukiyar da suka shekara suna tarawa. Daga nan aka sa dokar hana fita, soja suka shigo, mutanen gari su ma suka sha tasu wuyar. Babu wanda ya ci riba.

GUDUN GARA

Wasu sukan ce tunda 'yan sanda sun gaza, a bar wa 'yan banga da 'yan sintiri. Ga ɗan gari wataƙila wannan magana tana da daɗin ji. Ga baƙo kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ɗan sanda komai muguntarsa yana da lamba a ƙirji, yana da ofis, yana da na gaba da shi, akwai littafin da ake rubuta sunan wanda aka tsare, akwai kotun da za a iya kai shi. Taron jama'a da ya fusata ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Aluu ba ta da nisa da Rumuokoro. A can ne ran 5 ga Oktoba 2012 aka yi wa ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal ihun ɓarayi, aka yi musu tsirara, aka doke su, aka cinna musu wuta, mutane suna kallo suna ɗaukar hoto. Abin takaici, cikin mutum 3 da kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2017 har da wani saje na 'yan sanda. Mutanen Anaca sun yi tafi da Bakassi Boys a shekarar 2000 da suka zo suna sare ɓarayi a bainar jama'a, amma ba a daɗe ba aka ga addar ba ta tambayar mai laifi da marar laifi, har Gwamnatin Tarayya ta wargaza su a 2002. Na kusa-kusan nan kuma shi ne na Uromi ta Jihar Edo, cikin watan Maris na 2025. Mafarauta ne suka taso daga nan Jihar Ribas za su gida Kano yin Salla, 'yan sintiri suka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe 16. Da caji ofis aka kai su, ko da za a tatse su, ko da za su yi mako a tsare, da yau suna tare da 'ya'yansu.

Wannan ne ya sa nake roƙon mutanenmu su sa kunne sosai ga maganar 'yan sandan jihohi, wadda Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka tayar a taronsu na watan Fabrairu na 2024. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi, cewa wanda ya san daji da yaren wuri ya fi iya tsaronsa, kuma halin da Zamfara da Katsina suka shiga ya isa misali. Amma tun da sashi na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya ce a ƙasa, abin da ya ba baƙo ɗan sauƙi shi ne yakan tarar da Banufe ko Bajukune ko Bakano a cikin ofis, kuma yana iya kai kuka sama har Abuja. Dattawanmu sun san zamanin 'yan doka na En'e, sun san abin da 'yan NEPU suka gani a hannunsu, kafin gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya bayan juyin mulkin 1966. In ɗan doka ya yi wa ɗan garinsu haka saboda bambancin jam'iyya, me ake tsammani rundunar da gwamna yake biya, wadda 'yan asalin jiha kaɗai suka cika, za ta yi wa mai shayin da ba ya ko jefa ƙuri'a a wurin? Duk tsarin da za a yi, wajibi ne wakilanmu a majalisa su tsaya a kan a rubuta kariyar baƙo a ciki baƙi da fari. Ibo mazauna Sabon Garin Kano su ma wannan bukata tasu ce.

NAMU LAIFIN

Laifi tudu ne, in ji masu magana. Bari mu taka namu kaɗan.

Mu ne muka fi kowa saurin miƙa hannu. Tun ɗan sanda bai buɗe baki ba an dunƙule Naira 200 an miƙa, wai a rabu lafiya. Da haka muka koya musu cewa mai hula ba ya gardama, ba ya neman rasit, ba ya kiran lauya. Sa'an nan akwai masu yawo da wuƙa a kugu a tsakiyar birni suna cewa al'ada ce, alhali kuwa wannan kaɗai ya isa a rubuta wa mutum abin da zai kai shi gidan yari. Akwai 'yan gwangwan da ke sayen wayar lantarki da murfin kwalbati ba su tambayi inda aka samo ba. Akwai kuma ɗabi'ar ɓoye mai laifi don kawai namu ne. Yaro ya yi ɓarna, maimakon a miƙa shi, sai a sa shi a motar shanu da dare ya gudu gida. Washegari a zo a kwashe mutum 20 da ba su ji ba ba su gani ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wata maganar kuma mai ɗaci ce, amma sai an faɗe ta. Cikin masu zuwa karɓo mutanenmu daga caji ofis akwai dattawan kirki da suke kashe kuɗinsu da lokacinsu saboda Allah, Allah Ya saka musu. Amma akwai waɗanda suka mai da abin sana'a. A ce musu 20,000, su dawo su ce wa dangi 30,000. Irin waɗannan ba za su taɓa son a daina kame ba, kuma ba za su taɓa gaya wa yaro cewa doka tana bayansa ba.

Doka kuwa tana nan, sai dai ba mu san ta ba. Sashi na 35 na Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana 2. A Fatakwal da Anaca da Inugu kuwa babu inda kotu ta yi wannan nisa. Sabuwar Dokar 'Yan Sanda da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, watau ba a kama wa don ƙane ya gudu. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓanin ciniki. Ta ce a gaya wa mutum dalilin kama shi, a sanar da danginsa ba tare da ya biya ko kwabo ba, in ba ya jin Turanci a samo masa tafinta kafin a rubuta bayaninsa. Ta ce irin tufafin mutum ko askinsa ba hujja ba ce ta tsai da shi a caje shi. Ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata yana duba waɗanda ke tsare. Azabtar da wanda ake tuhuma kuwa laifi ne mai zaman kansa tun dokar 2017. Na sani, abin da ke takarda daban, abin da ke bayan kanta daban. Amma ɗan sanda yana gane wanda ya san waɗannan abubuwa tun daga yadda ya yi sallama, kuma yakan sassauta murya in ya ga mutum ya zo da lauya.

To, lauya fa, wa zai biya? Mu ne. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin kai gawa Sakkwato ko Gombe cikin yini ɗaya, ba za ta kasa ɗaukar lauya guda da za a riƙa biya duk wata ba. In mahauta da 'yan gwari da 'yan keke da masu shayi na Rumuokoro suka haɗa abin da suke bayarwa na beli a wata 3, ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan tun 1984 aka kafa Kwamitin Hulɗar 'Yan Sanda da Jama'a, kuma ana da rassansa a ofisoshin yanki. Mutum nawa ne daga cikinmu suke zama a ciki? 'Yan kasuwa Ibo da Yarbawa ba sa wasa da wannan kujera, don sun san sabon da aka yi ranar lafiya shi ke amfani ranar masifa. Akwai kuma sashen karɓar koke-koke da Sufeto Janar Solomon Arase ya buɗe a 2015, wanda ake iya kira ta waya. Ya kamata a rubuta lambar a manna a ƙofar kowane masallacinmu, a kuma sami yaro mai ilmi guda da aikinsa shi ne rubuta sunan ɗan sanda da lambarsa da rana da wuri duk lokacin da aka yi wa wani ba daidai ba. Kuka ba tare da suna da kwanan wata ba, ba ya zuwa ko'ina.

Ga hukuma kuma, muna kira ga Kwamishinonin 'Yan Sanda na Ribas da Anambra da Inugu da su duba abubuwan da ba sa cin kuɗi. A ajiye ɗan sanda mai jin Hausa a kan kanta a duk ofishin da ke kusa da inda mutanenmu suka yi yawa, irin su Rumuokoro da Mil 3 da Oyigbo, da Kan Gada da Titin Bida a Anaca, da Titin Owerri da kasuwar shanu ta Ugwuoba a Jihar Inugu. Rundunar ba ta rasa masu jin Hausa ba. A hana kamen dare na kan mai uwa da wabi, in kuwa ya zama dole a yi, to a kira shugabannin unguwa tun da asuba a tantance a gabansu, a saki marasa laifi ba da ko sisi ba. A karɓi katin ƙungiya da shaidar Sarkin Hausawa a matsayin mai tsayawa a ƙananan laifuffuka, tunda ba kowa ne yake da takardar fili a Fatakwal ba. Mu kuma a namu ɓangaren mu buɗe littafi a kowane zango, duk wanda ya sauka a rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu da lambar wani nasa, a kuma matsa wa kowa ya yi katin ɗan ƙasa ya riƙa yawo da shi.

Ranar da majistare zai kai ziyarar wata-wata kuwa, Babban Jojin jiha ya sa a riƙa sanar da ita tun da wuri. Wakilinmu da lauyanmu sai su riga shi isa bakin ƙofa, da sunayen duk waɗanda aka kwashe a wannan wata a rubuce a hannunsu.